Keshi ɗan baya ko Keshi koci: wanne ya fi?

Dan_Mabera: Salamu alaikum 'yan majalisa. Tambaya gare ni ga manyanmu da suka ga ƙwallon da. Mu dai Stephen Keshi koci muka tashi muka sani, mai kofin Afirka na 2013. Amma kullum sai mu ji ana Big Boss, kyaftin, lamba 4, wai ba a yi ɗan baya irinsa ba. Don Allah da gaske ya iya ƙwallon ne, ko baki da kwarjini ne suka ɗauke shi? Kuma in aka ɗora wasansa da kocinsa a sikeli, wanne zai rinjaya? Ni a ganina kocin ya fi, tunda ko a 1994 ɗin da ake ta faɗi, an ce bai buga wasan ƙarshe ba.

Madrid_Arkilla: Wa alaikumus salam. Ka ɗebo ta da zafi yau.

Baba_Rijiyar_Dorowa: Ɗana, wanda yac ce maka baki na yak kai Keshi Anderlecht bai san ƙwallo ba. Bature ba ya hidda kuɗinai don kwarjini. Mu tun shina New Nigeria Bank ta Benin munka san shi, ga rediyo da talabijin, sa'ad da sunka ɗauki kohin WAFU na Yammacin Afirka sau biyu a jere, 1983 da 1984. Shekara ashirin da biyu gare shi yaj ja Nijeriya har wasan ƙarshe na kohin Afirka a Abidjan, 1984, Kamaru tac ci mu 3-1. Yaro na lokacin, amma shi ad da kyaftin. Ba irin 'yan bayan nan ba na da sun samu ƙwallo sai su dunƙule ta sama kowa shi huta. Shi sai ya ɗaga kai ya duba, ya aika ta nesa ta sauka ga ƙahwar wanda yaka so. Jihwa ma in yay yi daga gehe, har cikin raga ta'ka kai rikici.

Dan_Mabera: Baba na gode. To me ya fitar da shi daga Najeriya tun da wuri haka?

Baba_Rijiyar_Dorowa: Hukumar ƙwallo ta. Anka ce shi da wasu 'yan New Nigeria Bank sun makara zuwa sansani, anka dakatar da su. Maimakon shi zauna jiran ahuwa, sai yat tsallaka Kwaddibuwa.

Malam_Alkaluma: Bari in jera muku yadda tafiyar ta kasance don kada a cakuɗa. Ya fara da ACB ta Legas, sai New Nigeria Bank. Bayan dakatarwar da Baba ya ambata ya buga wa Stade d'Abidjan, sannan Africa Sports. A 1986 ya tafi Lokeren ta Beljiyam, shekara ɗaya Anderlecht ta ɗauke shi, ya zauna can daga 1987 zuwa 1991. Yana cikin waɗanda suka buga wasan ƙarshe na kofin Turai na masu riƙe da kofunan ƙalubale a 1990, inda Sampdoria ta ci su 2-0 a ƙarin lokaci, Vialli ne ya ci duka biyun. A 1991 suka ci gasar Beljiyam. Daga nan Strasbourg ta Faransa, ya dawo Beljiyam ya ɗan taɓa RWDM, ya ƙarasa a Amurka da Malesiya. Najeriya kuwa wasa 64 ya buga mata, ya ci ƙwallo 9. Ɗan baya fa.

Madrid_Arkilla: Anderlecht dai Anderlecht ce. Da Milan ce ko Madrid da sai mu yi shiru.

Malam_Alkaluma: Ƙanena, kada ka auna Anderlecht ta 1990 da wadda kake gani yanzu. Ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe a Turai ba ta 'yan share fage ba ce. Kuma a wancan zamanin ana ƙayyade yawan baƙin da ƙungiya za ta saka a fili. Kafin a ba ɗan Afirka tsakiyar baya, wurin da kuskure ɗaya ke zama ci, sai ya fi ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Gaba ake yawan sayen baƙi, ba baya ba.

Bakanon_Sakkwato: Ni abin da na fi riƙe masa a wasansa shi ne ƙofar da ya buɗe. Bayan tafiyarsa ne Beljiyam ta zama zangon farko na 'yan Najeriya: Eguavoen, Siasia, Amokachi, Ikpeba, Oliseh, duk ta can suka bi. Har Nii Lamptey na Ghana, ta hannunsa ya shiga Anderlecht yana ɗan yaro. Kun ga kenan tun yana buga ƙwallo aikin koci da na wakili yake yi, bai dai karɓi sunan ba.

Ummu_Khalifa: Ku yi haƙuri na shigo muku zancen maza, amma mu ma mun kalla. Dan_Mabera ya yi tambaya kan wasan ƙarshe na 1994, ba wanda ya ba shi amsa. Ya buga ko bai buga ba?

Baba_Rijiyar_Dorowa: Bai buga ba, ɗiyata. Gwiwa ta riga ta ci shi, shekaru kuma sun taho. Uche Okechukwu da Uche Okafor ad da tsakiya, Eguavoen yar riƙa kyaftin cikin hili. Zambiya sunka hwara cin mu tun ba a zauna ba, Amuneke yar rama, kuma yac ci ta biyu. Amma da anka zo ɗaukar kohi, Keshi anka kira. Kuma babu wanda yay yi gunaguni cikin yaran.

Dan_Mabera: To kun gani! Magana ta dawo inda na ce. Kofin da ya ci da guminsa shi ne na 2013. Na 1994 ɗaga masa aka yi.

Koci_Gagi: A'a ɗan'uwa, kada ka yi masa haka. Shekarun da aka yi ana gina wannan tawagar fa? Wasannin neman gurbin zuwa Amurka, da shi aka yi su. Ya je wasan ƙarshe a 1984, ya sake zuwa a 1988 a Maroko, Kamaru ta sake hana mu da 1-0, a 1992 aka zo na uku. Mutumin da ya sha wannan wahalar shekara goma, don bai buga minti casa'in na ƙarshe ba sai a ce ba guminsa? A Kofin Duniya ma koci Westerhof ya saka shi wasan Girka, aka ci 2-0.

Ni tambayarka ce ma ban yarda da yadda ka raba ta ba. Kocin nasa daga bayan ya fito. Ina horar da yara a nan unguwa, filin rairayi ne, ragarmu ƙarfe biyu ne da igiya. Duk yaron da na saka a lamba 5, bayan wata kaɗan sai ka ji ya fara magana: kai koma, kai matsa, bar shi ya shiga satar gida. Ba ni na koya masa surutun ba, wurin ne ke koya masa, domin shi kaɗai ne da gola suke ganin filin gaba ɗaya. Makiyayin da ke bayan garke shi ke ganin wadda ta ratse. Ɗan gaba kuwa rabin wasan bayansa yake ba wa filin. Akwai wani yaro da na sha fama da shi, in mai ƙwallo ya taho sai ya tsaya masa ƙirji a buɗe, ƙafafu a jere, a zura masa ta tsakani a wuce. Na ja layi a ƙasa da ƙafata na ce ya tsaya a karkace, kafaɗa ɗaya gaba, ya bar wa mai ƙwallon hanyar gefe ya toshe ta tsakiya, kada ya kai ƙafa sai ƙwallon ta rabu da ƙafar wancan. Yanzu shi ke gyara wa na kusa da shi tsayuwa tun kafin in buɗe baki. Wanda ya yi irin wannan shekara goma sha biyar a manyan filaye, ai ya gama rabin makarantar koci.

Madrid_Arkilla: Malam Koci, da girmanka, amma wannan ba ƙa'ida ba ce. Guardiola ɗan tsakiya ne, Ancelotti ɗan tsakiya, Zidane ɗan tsakiya. Mourinho ma wace ƙwallo ya buga?

Koci_Gagi: Ban ce dole ba. Amma Beckenbauer fa? Ya ɗauki Kofin Duniya yana kyaftin a 1974, ya ɗauka yana koci a 1990. Regragui da ya kai Maroko wasan kusa da na ƙarshe a 2022, lamba 2 ya buga.

Madrid_Arkilla: To bari in kawo maka daga cikin gida. Christian Chukwu, Allah ya ji ƙan maza, ɗan baya ne, shi ya ɗaga mana kofi a 1980. Da ya zama koci na uku ya zo a 2004, kuma a hannunsa tafiyar Kofin Duniya na 2006 ta fara lalacewa har Angola ta wuce. Eguavoen ɗan baya ne, na uku a 2006, a Kamaru ya ci wasa uku na rukuni Tunisiya ta kore shi, sannan Ghana ta hana mu zuwa Qatar har Abuja. Ina makarantar kocin da suka gama rabinta? Shi kansa Keshin, a 2010 yana riƙe da Mali, Angola ta zuba masa huɗu a wasan buɗe gasa. Wane irin gwanin baya ne ake ci huɗu?

Mai_Gidan_Kallo: Faɗi ƙarshen labarin mana! 4-0 har ana saura minti goma sha ɗaya, aka tashi 4-4. Seydou Keita biyu, Kanoute ɗaya, Yatabare ya cike. A wurina rabin mutane sun riga sun fita sun tafi shan shayi, ihun waɗanda suka rage ne ya dawo da su a guje, wasu da kofin a hannu.

Madrid_Arkilla: An rama, amma an fita daga rukuni? Ga Kanoute, ga Keita, ga Mahamadou Diarra, ga Sissoko, aka dawo gida tun zagayen farko, aka sallame shi. Ku riƙa faɗin wannan ma.

Dan_Illela: Wanga gaskiya ta. Mali bai yi komi ba. Amma Togo hwa? Ƙasar da ba ta taɓa leƙa Kofin Duniya ba, yak kai ta na 2006, cikin rukunin da ad da Senegal, wadda tak kai zagayen 'yan takwas a 2002, ga Zambiya ga Mali. Sai da yag gama wahala, don an sha kashi a kohin Afirka na Masar kuma sun samu saɓani da Adebayor, anka ɗauko Otto Pfister anka ba shi tikitin Jamus. Abokan cinikinmu da ka zuwa Lome hatta yau in kac ce Keshi sai sun jinjina.

Malam_Alkaluma: Kuma ba shi ne karon farko da aka yi masa haka ba. A 2002 yana mataimakin Shaibu Amodu, suka samo mana gurbin Koriya da Japan, aka zo na uku a Mali, aka kore su duka aka kawo Onigbinde. Sau biyu kenan yana dafa tuwon wani na ci. Sai a karo na uku, 2014, ya samu ya tsaya a gefen fili da kansa.

Ummu_Khalifa: Amodu ma ai sau biyu aka yi masa, 2002 da 2010. Kuma kwana uku ne tsakanin rasuwarsu a watan Yunin 2016, duk a Benin. Ni wannan makon ba na manta shi.

Bakanon_Sakkwato: Mu dawo 2013, domin nan hujjar take. Madrid_Arkilla na cewa ba a ga hannun ɗan baya a kocinsa ba. Wasa shida aka buga a Afirka ta Kudu, ƙwallo huɗu kacal aka ci mu, muka ci goma sha ɗaya. Kuma su wa ya saka a tsakiyar baya? Godfrey Oboabona daga Sunshine Stars ta Akure, wanda bai taɓa buga wa wata ƙungiya a waje ba, da Kenneth Omeruo ɗan shekara 19 da Chelsea ta ba da aro a Holan. Su ya saka gaban Drogba da Gervinho da Kalou, Yaya Toure na turo musu daga baya. Kowa ya ce mun gama yawo, aka tashi 2-1. In ba wanda ya san aikin wurin ba, wa zai yi wannan kasadar?

Koci_Gagi: Ka ƙara da wannan: kyaftin ɗinsa Joseph Yobo ya ajiye a benci bayan wasan farko. Mutumin da ya shekara goma yana Everton. Ku duba da kyau, abin da Westerhof ya yi masa a 1994 shi ya yi wa Yobo. Ya san ɗacin abin, ya kuma san yadda ake yin sa ba a wulaƙanta babba ba. Enyeama ya riƙe kyaftin a fili, ana dab da tashi a wasan ƙarshe ya saka Yobo, shi ya ɗaga kofin. Dan_Mabera, shi ya sa na ce maka ba a raba su. Zaman bencin da kake rage masa daraja da shi, da shi ya yi aiki bayan shekara goma sha tara.

Dan_Mabera: Wannan kam ban taɓa haɗa su ba.

Madrid_Arkilla: Ni dai har gobe ina cewa akwai sa'a. Canjaras da Burkina Faso, canjaras da Zambiya, Habasha ma sai da aka kusa tashi Moses ya samo fenariti biyu. Da ba a samu waɗannan ba da yanzu wani labarin ake yi.

Mai_Gidan_Kallo: Sa'a ce ta ci Mali 4-1? Sa'a ce ta ɗauko Sunday Mba daga Warri Wolves alhali an bar Odemwingie da Martins a gida? Ranar 10 ga Fabrairu, wasan ƙarshe da Burkina Faso, ni na san abin da na gani. Na kawo ƙarin benci daga makwabta bai isa ba, yara suka hau kan katanga, janareta na ta kuka ina addu'ar kada mai ya yanke. Moses ya buga ta daki ɗan baya ta tashi sama, Mba ya tare, ya ɗaga ta ta kan Koffi da dama, kafin ta taɓa ƙasa ya ɗaure ta da hagu. Golan ko motsin kirki bai yi ba. Benci biyu aka karya mini a daren, ban nemi kowa ya biya ba.

Dan_Illela: Kuma shi yah hiddo Ahmed Musa.

Malam_Alkaluma: A'a, Musa ya fara buga wa Super Eagles tun 2010, Keshi kuwa sai Nuwamban 2011 ya karɓa, bayan Siasia ya kasa kai mu gasar 2012. Abin da za a ce shi ne a hannunsa Musa ya ci Ajantina biyu a Brazil. Ɗan Kano Pillars da ya tafi da shi Afirka ta Kudu shi ne Gabriel Reuben, cikin 'yan gida shida.

Bakanon_Sakkwato: Tunda an zo nan, ku Sakkwatawa ai ku ya kamata ku fi kowa yi masa addu'ar alheri. Shehu Abdullahi ɗanku ne, haifaffen garin nan. Yana Pillars Keshi ya tafi da shi CHAN ta 2014, gasar Afirka ta 'yan wasan gida, shi da Rabi'u Ali. Kun tuna Maroko ta ci mu uku kafin hutun rabin lokaci, aka dawo aka ci su 4-3, Rabi'u ya ci ta biyu, Uzoenyi ya farke ta ukun ana shirin tashi? Daga wannan gasar Shehu ya samu fita waje, ya zo ya ci tagulla a Rio 2016, ya buga Kofin Duniya a Rasha.

Ummu_Khalifa: To ina Shehun da ke tafe? Yarana kullum suna fili, takalmi kawai nake saye. Wa zai zo filin Giginya ya gan su?

Koci_Gagi: Hajiya, wannan ciwon ne ke damunmu. Yara akwai su, daga Gagi har Runjin Sambo har Wamakko. Amma yaron da ya yi fice sai ya bar gari kafin a san da shi, Kano ko Kaduna ko Jos. Ni kaina na taɓa tara kuɗi muka kai yara gwaji wani gari, aka karɓi kuɗin fom, aka ba kowa minti goma, ashe an riga an rubuta sunayen da za a ɗauka. Ɗan baya kuma shi ya fi shan wahala a irin wannan gwajin, domin minti goma ba ta isa a ga mai karanta wasa, mai yanka da gudu kawai ake gani. Abin da Keshi ya yi na tara 'yan gida a sansani makonni yana kallon su, shi ne kaɗai hanyar da irin su Oboabona ke fitowa.

Shugaban_Zaure: Jama'a a koma kan tambayar Dan_Mabera. Maganar ƙwallon jiha a buɗe mata nata zauren, tana da tsawo.

Madrid_Arkilla: To ranka ya daɗe. Ƙarshen kocin nasa fa? Ba wanda ya taɓo shi. Ya bar Ikechukwu Uche a gida yana cin ƙwallo a Sifaniya, Mban da ake yabo ma bai je Brazil ba. Mai riƙe da kofi, Kongo ta zo har Kalaba ta ci shi 3-2, Sudan ta ci shi, aka yi 2-2 da Afirka ta Kudu a Uyo, ba mu je gasar 2015 ba. An kore shi, an dawo da shi, an sake korarsa a Yulin 2015. Taurin kai gare shi, in ya saɓa da ɗan wasa shi kenan.

Baba_Rijiyar_Dorowa: Taurin kan nan tun shina yaro shi ad da shi, shi yah hisshe shi Nijeriya, kuma shi yas sa washegarin cin kohi yac ce ya aje aiki sai da anka lallashe shi. Mutum shina aiki watanni ba albashi, ana nema mai magaji shina cikin gasa, ƙaƙa kaka son shi yi laushi? In ka cire mai taurin kan, ka cire wanda yab bar manya gida yat tahi da yaran Warri da Akure.

Malam_Alkaluma: Don a cika lissafi: mutum biyu ne kawai suka ci kofin Afirka suna 'yan wasa suka sake ci suna koci, Mahmoud El-Gohary na Masar, 1959 da 1998, sai Keshi. A Brazil ya fitar da mu daga rukuni, ya zama kocin farko daga Afirka baƙar fata da ya kai zagayen 'yan 16, Faransa ta cire mu 2-0, Pogba da ka, sai Yobo ya ci gida. Ya rasu ranar 7 ga Yunin 2016 yana da shekara 54, wata shida bayan rasuwar matarsa. Filin wasa na Asaba sunansa yake ɗauke da shi.

Dan_Illela: Yanzu ma ai ɗan baya anka ɗauko muna, Eric Chelle na Mali, tun Janairun 2025. Malam Koci sai ka yi murna.

Koci_Gagi: Murnata sai ranar da na ga ya zauna a Kano ko Aba ya kalli wasan firimiyar gida tun daga farko har ƙarshe.

Dan_Mabera: Na ƙaru wallahi. Amma har yanzu ina nan kan bakata kaɗan. 'Yan baya masu kyau mun yi su da yawa, Chukwu, Uche, Taribo, Yobo. Kocin gida da ya ɗauko mana kofin Afirka kuwa shi kaɗai ne.

Baba_Rijiyar_Dorowa: Don ba ka gan shi cikin hili ba na, ɗana. Taribo ƙarhi gare shi, Uche natsuwa. Wanda yah haɗa su duka kuma shika ba da umurni, ban ga na biyu ba.

Madrid_Arkilla: Baba, Uche Okechukwu fa zinare gare shi na Atlanta 1996, ga shekarun da ya yi a Fenerbahce. In dai wasa zalla ake magana ba shugabanci ba, ni shi zan ɗauka. Malam_Alkaluma, kawo mana nasa alƙaluman mu gwada.